Shekara Tara Ubbo Yana Jiran Ƙasa Ta Daskare

Ruwa ake yi ranar, irin yayyafin nan mai ɗumi da iskar yamma take korowa daga teku, ba ya ƙarfi kuma ba ya ɗaukewa. Tsakiyar Janairu ce, lokacin da ya kamata a ce ƙasa ta daskare har cebur ya ƙi shiga, amma gonakin Olderwarf duk sun zama laka, magudanan ruwa sun cika sun batse. Asabar ce da la'asar. Mu kamar goma muna zaune a mashayar Goggo Gesche, kowa ya rataye rigar ruwansa kusa da murhu, sai ƙofa ta buɗe, samarin Sielhamm uku suka shigo.

Na gabansu shi ne Wiard Mennenga, direban motar ɗibar madara. Shekararsa ashirin da biyu a lokacin, dogo, faɗin kafaɗarsa ya kusa cika ƙofar. Bai gaishe mu ba sai da ya gama abin da ya kawo shi. Ya sa hannu a aljihu ya zaro kulot, ɗan ƙwallon itacen nan da ake hudawa a ɗura wa dalma, wanda bai fi ƙwan agwagwa girma ba amma yana cika hannu da nauyi. Idan wani gari yana neman wani da jifa, kulot ake ratayewa a azarar mashayarsu. Duk wanda ya tsinke shi ya karɓa wa garinsu karawa ke nan, babu ja da baya. Sama ake rataye shi, inda sai namiji ya miƙa hannu. Wiard kuwa da doguwar igiya ya zo, ya yi ta sako shi har ya tsaya daidai gwiwa.

"Don kada ku wahala," in ji shi. "Na ji an ce a Olderwarf hannu ba ya wuce tebur, sai in kofi zai kai baki."

Abokansa suka fashe da dariya. Kawu Eilt, shugaban ƙungiyar jifanmu, ya cire lofe daga bakinsa a hankali ya ce, "Yaro, ka gaida babanka. Za mu zauna ranar Lahadi bayan coci." Kowa ya san abin da zaman zai haifar. Sau uku a jere Sielhamm suna cin mu, gwanayenmu wasu sun tsufa, wasu sun tafi birni aikin ƙera jiragen ruwa. Za a mayar musu da abinsu ne cikin ladabi, a ce sai wata shekara.

Ana cikin haka Ubbo Rewerts ya shigo, cebur a kafaɗa, laka har cinya. Maƙwabcina ne, katangar ƙaya ce kawai tsakanin gidajenmu. Bai ga igiyar ba sai da kulot ɗin ya buge shi a gwiwa. Ya tsaya ya dube shi, ya ɗaga kai ya bi igiyar da ido har azara, sannan ya dubi Wiard.

"Wa ya bar wa yara abin wasansu a kan hanya?" ya ce.

Ya sunkuya ya fizge shi, ya jefa a aljihu, ya ce wa Goggo Gesche ta kawo masa shayi. Duk mashayar ta juyo tana kallonsa. Wiard ya yi murmushi har kunne ya ce, "To, Kawu Ubbo, ni da kai ke nan a ƙarshe."

Haka al'adar take tsakanin garuruwan biyu. Wanda ya rataye da wanda ya tsinke, su ne za su yi jifan ƙarshe, kuma ba a canza su. Za a kara ne a sanyin farko da ƙasa ta daskare sosai ba tare da dusar ƙanƙara ta rufe ta ba. In kuwa gari ya ga ba zai iya ba, wanda ya tsinke shi zai taka da ƙafa har mashayar ɗaya garin ranar Asabar, ya hau kujera a gaban jama'arsu ya mayar da kulot inda ya dace, daga ranar kuma ya gama jefa wa garinsu har abada. A sanina sau ɗaya aka taɓa yin haka, tun zamanin kakanninmu, kuma har yau ana tuna wa jikokin mutumin.

Ubbo ba shi ne gwanin garinmu ba, bai taɓa zama ba. Na biyu ne ko na uku, mutumin da ake sakawa tsakiya don ba ya ɓata jifa. A wani ɗan gida bayan ganuwar da ke tare mana ruwan teku aka haife shi, babansa lebura ne mai gyaran ganuwar. Tare muka bar makaranta muna da shekara goma sha huɗu, ni na shiga aikin gonar wani, shi ya shiga yasar magudanan ruwa, aikin da ya yi har ƙarfinsa ya ƙare. Yana da shanu uku, da mata mai baki, Foline, da 'ya ɗaya, Hilke. Magana ba ta dame shi ba. In ka tambaye shi abu da safe, wani lokaci sai da yamma zai leƙo ta kan katanga ya ba ka amsa. Shekararsa talatin da shida ranar da ya tsinke kulot ɗin, kuma da na tambaye shi dalili a hanyarmu ta gida, cewa ya yi, "Ya buge ni a gwiwa, Renke."

Ni ne mai nuna masa fage tun muna samari. A jifan gona mutum huɗu ne kowane ɓangare, ana jefawa bi da bi a tsallake gonaki da magudanai da shinge, kowa daga inda kulot ɗin garinsu ya tsaya, kuma gangarawar da ya yi bayan ya faɗi duk tana cikin lissafi. Shi ya sa sai ƙasa ta daskare. A laka nutsewa yake yi kamar dankali. Aikina in yi gaba in duba ƙasa, in tsaya inda nake so ya sauka, in ɗaga sanda ina ihu, in kauce in ya taho.

Muka zauna jiran sanyi. Shekarar nan bai zo ba. Ta biyu ma aka yi kwana biyu ana ɗari, ruwan kwatami ya yi 'yar fata a sama, sai iska ta juya yamma. Ta uku ko safar hannu ba mu sa ba, har furanni suka fito a Fabrairu. Tsofaffi suka ce ba su taɓa ganin irin wannan ba. Kowace safiya ta hunturu ina jin ƙofar Ubbo ta buɗe, ya fita bayan gida ya buga dunduniyar takalminsa a ƙasa sau biyu, ya koma. Daga ƙarar kaɗai nake sanin labari, ban ma buƙatar leƙawa.

Kulot ɗin kuwa Foline ta mayar da shi abin ɗinkin safa. Takan cusa shi cikin safar da ta huje ta yi ta ɗinki a kansa. "Aƙalla dai ya yi wa gidan nan wani amfani," in ji ta, "tunda mai shi ya ɗauko mana magana ya ajiye."

Abin da ya ƙara wa lamarin gishiri, Wiard ne ke ɗaukar madarar Ubbo. Kullum da safe sai motarsa ta tsaya a bakin ƙofar, kullum kuma sai an yi.

"Kawu Ubbo, an tashi lafiya? Yaya kafaɗa? In taho maka da man zafi gobe?"

"Ɗauki garwar a hankali, yaro. Kada ka gurɗe hannu ka ce ni na ja maka."

"Ai da yatsa biyu nake ɗaukar madararka. Shanun ma sun tsufa kamar mai su."

"Suna dai bayarwa."

Wiard yana ta cika yana ƙara ƙarfi. Da rani ana yin gasar tsaye a filin makaranta, wadda ake auna inda kulot ya sauka kawai ba ruwan kowa da gangarawa, kuma shekara bayan shekara shi ke ɗaukar kofi a duk yankinmu. Jifansa abin kallo ne, ban ɓoye ba. Ya sheƙo a kan doguwar tabarmar da ake shimfiɗa wa mai jifa, ya taka katakon tsalle da ke ƙarshenta, hannu ya kewaya kamar fanka, kulot ya tashi sama har sai ka kare ido da hannu kafin ka gan shi. Har hotonsa aka buga a jaridar lardi.

Ubbo kuwa a shekara ta huɗu kafaɗarsa ta dama ta fara ciwo. Cebur ne ya cinye ta. Likita ya ce ya bar jifa, ya ce to, ya dawo gida ya ce in fito mu je bayan ganuwa. Tun daga lokacin ya canza salon jifa. Da yake ba ya iya ɗaga kulot sama, sai ya fara sakinsa ƙasa-ƙasa, ya tafi a miƙe daidai ƙirjin mutum. A jiƙaƙƙiyar ciyawa wannan jifa abin tausayi ne. Yana sauka da wuri, ya yi tsalle ɗaya, ya kwanta. A gasar rani Ubbo ya sauko daga na uku zuwa na takwas, daga nan yaran da muka ga haihuwarsu suka fara wuce shi. Mutanen Sielhamm sukan taru musamman don su kalle shi. "A kawo masa kaza ya jefa!" wani ya taɓa ɗaga murya ya ce. Namu ba sa dariya, sunkuyar da kai suke yi, wanda ya fi dariyar ciwo.

Na taɓa ce masa, "Ubbo, wannan jifan fa ba ya zuwa ko'ina."

Washegari ya leƙo ta katanga ya ce, "Ba don wannan ƙasar nake yin sa ba."

A shekara ta shida sanyi ya zo na gaske. Iskar gabas ta kwana huɗu tana busawa, dunduniyar Ubbo ta yi ƙara kamar ya buga dutse. Aka aika Sielhamm, aka sa ranar Asabar, mata suka yanka kabejin walimar bayan karawa, aka fito da katako da tabarma daga rumbun coci. Safiyar Asabar na buɗe ƙofa na ga duniya ta yi fari fat, dusar ƙanƙara har gwiwa, kuma ba ta tashi ba sai da ruwan sama ya zo ya wanke ta tare da sanyin. Ranar motar madara da ƙyar ta iso. Na hango Ubbo da Wiard tsaye a bakin ƙofa, hannu a aljihu, suna kallon gonaki. Babu wanda ya tsokani wani. Wiard ya ɗora garwa a mota, ya ce, "Kai, wannan abu da ban haushi yake." Ubbo ya ce, "Ƙwarai."

Daga nan gari ya fara gajiya. Duk inda ɗan Olderwarf ya shiga, kasuwar shanu ko biki, sai an tambaye shi ko har yanzu suna ɗinkin safa. Samarinmu kuma sun taso, akwai biyu masu hannu sosai, amma ba damar a nemi Sielhamm da sabuwar karawa sai an warware tsohuwa, tsohuwar kuwa tana ɗaure da mutum mai shekara arba'in da huɗu da kafaɗa ɗaya. Ƙungiya ta zauna, ta tura Kawu Eilt ya je ya faɗa wa Ubbo ya mayar da kulot.

Ina gidan ranar, na je aron zarto. Foline ta san abin da ya kawo tsohon tun daga yadda ya goge takalmi a bakin ƙofa. Ta zaunar da shi, ta sa dunƙulen sukari mai tauri a kofi, ta zuba shayi har sukarin ya yi ƙara, ta ɗiga kirim. A wurinmu ba a buɗe maganar da ta kawo mutum sai an gama shayi, kuma ba a gama shayi sai baƙo ya ajiye cokali cikin kofinsa. Foline ba ta ba shi cokali ba. Ya sha na farko, ya sha na uku, ya duba gefen faranti, ya duba ƙarƙashin tebur. Ta ƙara masa.

"Sha, Kawu, ai sanyi ake yi."

"Ina sanyin yake, 'yar nan? Ai da ana sanyi da ban zo ba."

"To sha don zafi."

Sai da ya sha bakwai. Ya miƙe yana riƙe da ciki ya ce zai zaga baya, daga can kuma bai komo ɗakin ba, ya tsaya a tsakar gida ya kira Ubbo. Ina jin su ta taga.

"Ubbo, ni na koya maka riƙon kulot, ba zan yi maka ƙarya ba. Yaran nan suna da gaskiya. Ka tsare musu hanya."

"Na sani, Kawu."

"Wannan hunturun ne na ƙarshe. In bikin Ista ya zo ba a kara ba, za ka taka zuwa Sielhamm. Ni zan raka ka, in ƙafata ta yarda."

Ubbo ya ce, "Ba sai ka raka ni ba. Na san hanya."

Disamba ta wuce da ruwa. Janairu ta wuce da ruwa, har fadamar da ke tsakanin garuruwan biyu ta kwanta da ruwa wuri-wuri. Fabrairu ta raba, na daina sauraron dunduniyarsa don ba na son ji. Na ga Foline ta fito da baƙar kwat ɗinsa ta zuwa coci ta goge ta rataye don tafiyar Sielhamm. Sai a makon ƙarshe na watan, wata Talata, hayaƙin gidaje ya juya ya fuskanci teku, iskar gabas ta dawo. Sama ta washe, babu gajimare ko ɗaya. Laraba ruwan magudanai ya fara daskarewa. Alhamis na ji ƙarar nan ta dutse daga bayan gidan Ubbo, sau biyu, sannan ya ƙara na uku, abin da bai taɓa yi ba. Ba wanda ya yarda a jira Asabar. Aka sa Juma'a.

Ban san daga ina mutane suka fito ba. An rufe makarantun garuruwan biyu, masu shaguna sun kulle, har daga garuruwan nesa an zo a keke da tarakta. Gonaki sun yi baƙi da jama'a, masu sayar da giya mai zafi suna bin su da tulu, wani yana busa ƙaho. Sanyin kuwa yana yanka kunne. Masu jifa suka tuɓe, daga su sai farar singileti da dogon wandon ciki, kowa da mai riƙe masa bargo. Na Ubbo Foline ce, ta ƙi bari kowa ya taɓa.

Jifan Wiard na farko ya sa har namu suka yi kabbarar mamaki irin tamu, wato suka cire hula. Ya tsallake magudanai biyu a sama. Da layi ya zo kan Ubbo, 'yan Sielhamm suka fara kiran kaza tun kafin ya taka tabarma. Na yi gaba na zaɓi wuri mai santsi, na ɗaga sanda na ce, "Nan, Ubbo! Nan!" Ya sako shi ƙasa-ƙasa kamar kullum, ya sauka da wuri kamar kullum. Amma bai kwanta ba. Ya buga ƙasa ya tashi, ya sake bugawa, ya yi ta gudu cikin ciyawar da ta bushe da sanyi kamar zomo, har mutanen da suka tsaya can baya suna ganin sun yi nisa suka dare. Masu kiran kaza suka yi shiru. Bai kai na Wiard ba, amma saura kaɗan.

Haka aka wuni. Wiard ya ja su gaba, samarinmu biyu su rage, Ubbo ya riƙe. Na lura bayan kowane jifa yana daɗewa cikin bargo, fuskarsa ta yi fari, Foline tana murza masa kafaɗa tana yi masa faɗa ƙasa-ƙasa. Rana ta sunkuya kan ganuwa, alƙalai suka ce zagayen ƙarshe ne. Da mutum uku-uku suka gama, Sielhamm na gabanmu da kamar tsawon cocinmu. Saura su biyu. Wanda ke baya shi ke fara jefawa.

Mun iso fadama a lokacin. A dama akwai ciyawa, mai ɗan tudu-tudu amma amintacciya. A hagu kuwa ruwan da ya kwanta tun Janairu ya daskare, ya yi wani dogon zirin ƙanƙara mai sheƙi, faɗinsa bai fi na keken doki ba, ya miƙe har ƙarshen fadamar. Na taka bakinsa da ƙafa ɗaya, ya yi ƙara, tsaga ta gudu a cikinsa. Kwana uku kacal da kamawa, bai yi kauri ba. Babu mai nuna fage mai hankali da zai sa a jefa dalma a kan wannan. Na koma dama na tsaya kan ciyawa na ɗaga sanda.

Ubbo yana can bakin tabarma, ya girgiza kai. Ya yi mini alama da hannun hagu in matsa. Na matsa kaɗan. Ya sake yi. Na sake matsawa har dugadugaina suka hau ƙanƙarar, sannan ya sauke hannu.

"Renke, ka haukace?" Kawu Eilt ke ihu daga cikin jama'a. "Fito daga nan! Zai nutse!"

Na ji shi sarai. Amma shekara biyar ina tsaye bayan ganuwa ina kallon jifan nan yana mutuwa a laka, na san ba daga sama yake faɗowa ba, shafar ƙasa yake yi. Na ɗaga sanda da hannu biyu, na yi ihun da ban taɓa yi ba, "Nan, maƙwabci! Kawo shi nan!"

Ya jefar da bargo. Ya taho a guje, mutum mai furfura cikin dogon wandon ciki, ya taka katako, hannun ya kewaya, na ji ya yi wani nishi har inda nake. Kulot ya taho a miƙe, ƙasa da duk wanda ya taɓa yi, kamar ni ya nufa. Ya taɓa ƙanƙarar 'yan taku kaɗan a gabana, ta yi wata ƙara siririya kamar an kaɗa waya. Na yi tsalle, ƙafafuna suka zame, na zauna daɓas. Ta ƙarƙashina ya wuce.

Daga zaune na juya ina kallonsa. Yana tafiya. Ya wuce tutar da aka kafa inda na Sielhamm yake, ko rage gudu bai yi ba. Mutane suka bi shi ta gefe biyu a guje, maza da mata, huluna na faɗuwa, mai tulun giya ya yar da tulunsa, kowa na yi masa magana kamar yana ji, "Tafi! Tafi, ɗan albarka! Ƙara kaɗan!" Ya yi ta tafiya har ya ƙanƙance a idona, sai da zirin ya ƙare ya hau ciyawa, ya gangara ƙarƙashin wata ƙofar shinge, ya tsaya a gonar gaba. Tsofaffi suka ce ba a taɓa jifa irin wannan a fadamar ba.

Amma Wiard bai jefa ba tukuna, kuma yana da tsawon coci a hannu. Mai nuna masa fage, wani dattijo mai hankali, ya je ya tsaya kan ciyawa ta dama. Har yau in an zauna ana gardama, akwai masu cewa da ya bi ciyawar da irin ƙarfinsa da ya kai, ko ya wuce da taku ɗaya ko biyu. Ni ma ina jin zai iya. Sai dai namu sun samu baki a ranar bayan shekara tara. "Ga hanyar tsoho can, yaro, ko tsoro kake ji?" "A kawo masa garwar madara ya jefa!" Wiard ya dubi ciyawa, ya dubi ƙanƙara, ya dubi Ubbo da ke tsaye riƙe da kafaɗa. Ya yi wa dattijon alama ya koma hagu. Dattijon ya ƙi. Ya sake yi masa da ƙarfi, har ya koma yana girgiza kai.

Jifan da ya yi shi ne mafi kyau da na taɓa gani a rayuwata. Ya tashi sama har rana ta haska shi shi kaɗai, mu muna cikin inuwa. Ya yi nisa, ya yi nisa, sannan ya juyo ƙasa da duk nauyinsa, ya sauka tsakiyar zirin daidai inda aka nuna masa. Muka ji ƙwas. Ruwa ya yi tsiri sama ya dawo. Wani ɗan rami baƙi ya rage, ko faɗin hula bai kai ba, kuma tsakaninsa da ƙofar shingen nan akwai sauran tafiya.

Abin da ya biyo baya ban iya tsara shi daki-daki. Na san Kawu Eilt ya jefa lofensa sama bai ƙara ganinsa ba. Na san samari sun ɗora Ubbo kan katakon tsalle sun ɗaga shi, Foline na bin su da kwat tana cewa, "Ku sauke shi ya rufe jikinsa, tsoho da shi a wandon ciki, duk lardi na kallo!" Wani ya riga mu gari ya hau kaɗa ƙararrawar coci, fasto ya fito zai hana, da ya ji labari ya karɓi igiyar da kansa.

Wiard bai bari kowa ya ciro masa kulot ba. Ya taka ƙanƙarar tana fashewa, ya durƙusa ya zura hannu har kafaɗa ya lalubo shi. Ya ratsa jama'a hannunsa na ɗigar ruwa, ya tsaya gaban katakon, ya miƙa wa Ubbo hannu. Ubbo ya ba shi na hagu, don na dama ya ƙi ɗaguwa.

"Kawu Ubbo, ka cuce ni. Ka san ba za ta ɗauki nawa ba."

"Ni ban ce ka bi ni ba."

"Da bara aka yi, ko bana a kan tudu, da na cinye ka."

"Da ka cinye ni," in ji Ubbo. "Je ka sa riga, hannun nan zai daskare. Gobe akwai madara."

Da yamma aka ci kabeji da tsiran nama a mashayar Goggo Gesche, 'yan Sielhamm ma suka zo kamar yadda aka saba, aka yi ta waƙa. Foline ce ta yanka wa Ubbo namansa. Wannan jifan shi ne na ƙarshe da ya yi, kafaɗar ba ta sake komawa daidai ba, sai aka mayar da shi kula da injin tura ruwa har ya yi ritaya. Samarin nan biyu suka karɓi gari, suka ci Sielhamm sau ɗaya, Sielhamm ta rama sau biyu. Wiard ya ƙara shekara goma yana ɗaukar kofin rani.

Foline ta rasu shekara shida da suka wuce. Ubbo yana nan da ransa, shekararsa tamanin da tara, yana zaune wurin 'yarsa Hilke a birni, a wani ɗaki na ƙasa mai taga ɗaya da ke kallon tashar bas. Jikana yakan kai ni wurinsa ranar Lahadin farko ta kowane wata.